Shekara a Ɗakin Sa Ido

A Dawce aka haifi Shekara. Cikinta ya daɗe a jikin uwarta har ya wuce lissafin ungozoma, shi ya sa sunan ya bi ta, sunanta na yanka kuwa ko ita sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuna shi. Tun tana yarinya mai tallan gyaɗa ciwon ya kama ta, ciwon da mutanen gari ke kira fuka, a likita kuma, wato asibiti, ake ce masa asma. Idan ya taso, ji take kamar an ɗaure mata ƙirji da igiya. Iska ta shiga ta ƙi fita, sai da wani siririn kuka irin na ƴar mage. An yi mata tsaga a ƙirji, an ba ta rubutu ta sha, an turara mata ganye iri-iri. Wata rana hayaƙin turaren ya kusa tafiya da ita, daga nan ubanta ya hana.

Aure ne ya kawo ta Matameye, gidan Ɗanjuma, wanda ke noma da damina, da rani kuma ya tafi Kano sayar da ruwa. Ta fara da sana'ar uwarta, man gyaɗa da ƙuliƙuli. Tana suya tana fita tsakar gida shan iska tana komawa. Shekarar da cuta ta kashe gyaɗa a ƙasar Kance, mata suka yi ta kuka, ita kuwa a ranta ta ce an raba ta da hayaƙi. Ta koma kitso. Hannunta ba ya ja, kuma ba ta da yawan magana, don haka mata suka riƙa kawo mata kawunansu tare da asirinsu. Ta haifi huɗu, biyu suka tsaya, Mariyama da ƙanenta Bawa.

Bayan gidanta, ba inda Shekara ta sani a Matameye kamar wani ɗan ɗaki a likitar gari, kusa da inda ake karɓar masu ciwon gaggawa. Gado biyu ne na ƙarfe a ciki, da kujera ɗaya, da taga mai kallon wata bishiyar dogon yaro. Ɗakin sa ido ake ce masa. Nan ake ajiye wanda bai kai a kwantar da shi ba, bai kuma kai a sallame shi ba. Mai kula da ɗakin shi ne Iliyasu, babban ma'aikacin jinya, wanda kowa ke kira Majo. Dogon mutum ne, mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya.

Majo yana da hanyoyinsa biyu da masu asma. Ta farko, ba ya tambayar su yaya jiki, don ya san ko mutum na bakin kabari da sauƙi zai ce. Sai dai ya sa majinyacin ya gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zafi, ina haƙurin zaman duniya. Shi kuma ya kasa kunne ya ji inda numfashi zai yanke. Ta biyu kuwa, yana karɓe takalma. Dalilinsa shi ne allurar asma tana buɗe ƙirji da sauri, amma ba korar ciwon take yi ba, ture shi gefe kawai take yi. Idan ƙarfinta ya sauka, ciwon yakan dawo, wani lokaci ma ya fi na farko. Mutane kuwa da sun ji iska ta shiga, sai su tuna akuyarsu ko tukunyar da suka bari a wuta, su sulale. Wani manomi ya taɓa sulalewa haka, aka tsince shi a hanyar Kance, jakinsa na tsaye a kansa. Tun daga ranar Majo ke kulle takalman masu asma a akwatin ƙarfe tare da magunguna. Da damina dabarar ba ta cika aiki ba. Da bazara kuwa, lokacin da rairayi ke gasa ƙafa, ba mai taka ƙofa.

Shekara ba ta taɓa ba shi wahala ba. Takan miƙa takalmanta da kanta, ta zauna har ya ce ta tafi.

Damanar 1984 ba ta yi komai ba. Hatsi ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Ɗanjuma bai jira kaka ba, tunda babu kakar, ya ɗauki jakarsa ya tafi Kano. Iyakar ƙasa a rufe take, sojojin wancan ɓangaren sun rufe ta, ta daji ya bi. Da farko saƙo na zuwa a hannun masu satar hanya, daga baya ya yanke. Shekara ta sayar da akuyarta, ta sayar da kwanonin aurenta ɗaya bayan ɗaya. Kitso ya mutu, don wadda ba ta ci ba ba ta tuna kanta. Kafin bazara ta tsaya sosai, dusa ce da ganyen jiga abincin gidan. Gashin Bawa ya fara yin ja, ya daina fita wasa.

Ana saura kaɗan a ɗauki azumi, mai shela ya zaga gari ya ce kamiyon taimako, babbar motar kaya, na tafe, za a raba dawa a filin gaban magaza, wato rumbun ajiyar gwamnati, unguwa unguwa. Ya ƙara da umarnin kumandan, mai mulkin yankin. A rabon da ya wuce wasu sun karɓa da sunan mutanen da ba sa gari, aka ga dawar a kasuwa, aka kama su aka aske musu kai. Saboda haka a wannan karon ba aike, ba wakili. Mai gida ko uwar gida za ta zo da ƙafarta, mai unguwa ya shaida fuskarta, a auna mata.

Da safen ranar rabon Shekara ta zauna tankaɗe ragowar dusar da ke gidan, don yara su sa wani abu a ciki kafin ta tafi layi. Ba ta kai rabi ba ta ji igiyar ta fara ɗaurewa. Ta fita tsakar gida, ta dafa bango. Mariyama ta kira Gambo ta kan katanga.

Gambo maƙwabciyarta ce, kuma taubashiyarta, gwauruwa mai ƙaton jiki da bakin da ba ya hutawa. Ta zo tana faɗa, wai duk kwanakin duniya Shekara ba ta ga ranar da za ta yi wa mutane kukan mage ba sai ranar dawa. Tana faɗan tana ɗaura mata zane, ta tsayar da mai amalanke, ta rungume ta ta baya har likita.

Farfajiyar likita cike take da matan makiyaya da suka yada zango a gefen gari bayan shanunsu sun ƙare. Ƙyanda ta shiga ƴaƴansu. Majo ya bar yaron da ke hannunsa, ya zaunar da Shekara a kan kujera ta juya baya, ta kifa ƙirji a kan matashi. Ya yi mata allura ta farko a ƙarƙashin fata. Ta biyun a jijiya ya sa, yana tura ta a hankali kamar ba ya so, idonsa na kan fuskarta. Can kukan ƙirjin ya fara sassautawa. Kafaɗunta suka sauka. Ya sunkuya ya zare takalman daga ƙafarta, ya ce tana nan sai la'asar.

Da ta iya haɗa magana, ta gaya masa zancen rabon. Ya ce ya sani. Ya ce wa Gambo ta ɗauki buhun Shekara tare da nata, ta gaya wa sarjan da ke tsaron layi cewa Majo ne ya riƙe matar, a auna mata.

Shekara ta koma kan gado ta kishingiɗa. Zuciyarta na bugawa da sauri, hannuwanta na rawa, abin da allurar ta saba yi mata. Amma ƙirjinta a buɗe yake. Ta yi kwanaki ba ta ja iska har ƙasan ciki haka ba. Ta taga tana jin ƙarar kamiyo daga can tsakiyar gari, da hayaniyar da ke tashi tana kwantawa.

Rana ta kusa tsakiya Gambo ta dawo. Ta kai nata rabon gida, buhun Shekara kuwa a naɗe yake a hammatarta, ba komai a ciki. Ta ce ta faɗa wa sarjan, har ta durƙusa masa, yaron da ta isa haihuwarsa. Ya ce idan ya karɓi wannan uzurin, gobe rabin gari zai kwana a likita. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba, kuma ba zai bari a aske masa kai saboda wata ba. Ta ce har yanzu mutanen unguwarsu na kan layi, amma ana cewa da azahar kamiyon zai wuce Ɗan Barto da abin da ya rage. Yaushe wani zai zo, ko mai unguwa bai sani ba.

Majo ya zo wucewa ta ƙofa da kwalbar ƙarin ruwa a hannu. Shekara ta miƙe zaune ta gaishe shi ba tare da ya nema ba. Ta jero gaisuwar tun daga kwana har haƙurin zaman duniya, ta ƙara da ina aiki, ina jama'a, da numfashi ɗaya.

Ya tsaya ya saurare ta har ta gama.

"Na ji, uwar Mariyama," ya ce. "Yanzu ba ke nake jira ba. Allurar nake jira ta sake ki, in ga abin da ta bari."

Ta ce yaranta ba su da abin da za su ci da dare, gobe ma haka. Ya ce ta ba shi ɗan lokaci ya sa wa yaran nan biyu ruwa, zai hau mobilet, ɗan babur ɗinsa, ya je ya sami sarjan da kansa, ba zai ƙi shi ido da ido ba. Da gaske yake, ta san da gaske yake. Amma da ya wuce ta leƙa farfajiya. Ba yara biyu ba ne. Mata ne zaune a inuwar bango har bakin ƙofar waje, kowace da yaro a cinya, wata kuma tana shigowa a guje.

Ba wanda ya fi Shekara sanin ciwonta. Ta san zai dawo. Ta kuma san yakan ɗan ba ta tazara, kuma filin magaza ba nisa gare shi ba. Ta auna tafiyar a ranta, zuwa, tsayuwa, dawowa, ta ga za ta iya shiga ƙofar nan kafin igiyar ta ɗaure.

Ta dubi ƙafar Gambo.

Gambo ta ja ƙafafunta ƙarƙashin zane. Ta ce ko da wasa. Ta ce takalmanta na tayar mota ne, ƙafar Shekara biyu za ta shiga ɗaya. Ta ce Majo zai yi mata allurar doki. Shekara ba ta yi dariya ba, ba ta kuma roƙa ba.

"Kin ga gashin Bawa," ta ce.

Gambo ta dubi ƙafafunta. Sannan ta tuɓe takalman ta tura mata. Ta ce to, amma idan Majo ya leƙo ya ga gado ba kowa, zai biyo ta ya janyo ta a gaban maza kafin a auna mata, an yi asarar tafiya ke nan. Ta hau gadon ta kwanta, ta juya wa ƙofa baya, ta ja zane ta rufe har kai kamar mai gudun ƙuda. Daga ƙarƙashin zanen ta ce, "Ki yi sauri, mage. Gadon nan wari yake."

Shekara ta fita ta ƙofar baya, wajen da ake shanya zannuwan gado. Ba ta yi sauri ba, ta san sauri na tayar da shi. Ta bi inuwar katangu, takalman na faɗuwa tana jan su. Ta isa filin ƙirjinta lafiya lau, har ta ji kunyar tsoron da ta ji a hanya.

Layin unguwarsu ya rage, amma bai ƙare ba. Ta tsaya a ƙarshe. A gaba, ƴan samariya ne, matasan ƙungiyar gari, ke sauke buhuna daga kamiyo, su farke baki, su zazzage a kan tabarmi, su kakkaɓe gindin buhun don kada ƙwaya ta maƙale. Jar dawa ce ta ƙasar waje, ta daɗe a ajiye. Ƙwari sun ci wani abu daga cikinta sun bar gari, an kuma barbaɗa mata farin maganin ƙwari. Duk buhun da aka zazzage sai wani farin abu ya tashi ya tsaya a iska, don ranar ko ganye ba ya motsi. Tun daga ƙarshen layi ta ji warin. Ta ja mayafi ta rufe hanci.

Matan da ke gabanta suka gane ta. Suka yi mata sannu, suka tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Wata ta ce a bar ta ta wuce gaba. Sojan da ke zagaya layi da bulala ya ce ba mai tsallake wani. Amma duk lokacin da ya juya baya sai wata ta ja da baya taku ɗaya ta tura ta gabanta. Haka suka riƙa miƙa ta daga hannu zuwa hannu, kowane taku na kai ta inda farin abin ya fi kauri.

Tari ya fara zuwa, ta haɗiye shi. Sannan ta ji siririn kukan, can ƙasa, ita kaɗai ke jin sa. Ta san wannan matakin. Idan ta juya yanzu ta bi inuwa a hankali, za ta kai. Ta ƙirga kawunan da ke gabanta da ido, ta ga ba su da yawa. Ta tsaya.

Kafin ta kai gaban tabarma kowa na jin kukan. Wuyanta na lotsawa duk jan numfashi, gumi ya jiƙa mayafin. Sarjan ya tambayi sunanta, ta buɗe baki sunan bai fito ba. Mai unguwa ya ce matar Ɗanjuma ce, ya san ta, mutum uku ne a gidan. Sarjan ya dube ta, ya dubi mai unguwa, ya tambaya ko ita ce ta likita. Ya ce a auna mata da sauri.

Mai karɓa shi ke riƙe bakin buhunsa da hannu biyu, haka ake yi. Ta saki mayafin, ta buɗe buhun. Yaron samariya ya cika tiya ya juye, garin ya taso mata a fuska. Ya sake cikawa ya juye. Ba ta kau da kai ba, don kada bakin buhun ya karkace dawa ta zube.

A likita kuwa, Majo ya leƙa ɗakin sau ɗaya yana wucewa, ya ga mutum a kwance, ya ci gaba. A karo na biyu ya tsaya a bakin ƙofa. Ba ya jin komai. A wajensa shirun mai asma ya fi kukansa ban tsoro, kuma bai taɓa ganin Shekara ta kwanta ta rufe kai ba. Ya yaye zanen. Gambo ta ce ita ma ba ta jin daɗin jikinta. Ya buɗe akwatin ƙarfe, ya kwashi abin da zai kwasa, ya tayar da mobilet.

Ya same ta a gindin bangon magaza, zaune a kan buhun, ta dafa gwiwoyi, kanta a sunkuye. Mata sun kewaye ta suna yi mata fifita da bakin zane, wata na ƙoƙarin ba ta ruwa. Suka ce masa ta samu sauƙi, kukan ya daina. Ya ɗaga haɓarta ya ga leɓunanta sun yi baƙi. Ya sa kunne a bayanta, bai ji iska na shiga ko fita ba. Nan a ƙasa ya yi mata allurar. Sarjan ya zo ya tsaya a kansu, ya cire hularsa ya mayar, sannan ya daka wa direban ƙaramar motarsu tsawa ya matso. Da aka zo ɗaukar ta, hannunta na naɗe da bakin buhun, aka ɗora su tare.

A ɗakin sa ido Majo ya yi duk abin da ke cikin akwatinsa. Ya sake yi mata allura ta jijiya, ya sa ƙarin ruwa. Babu iskar kwalba a likitar, sai Damagaram, motar marasa lafiya kuwa tun safe ta tafi can da wata mai naƙuda. Ya zauna a bayanta a kan gado, ya jingina ta da ƙirjinsa, ya sa tafukansa a haƙarƙarinta yana matsawa duk lokacin da ta yi ƙoƙarin fitar da iska. Gambo na tsugune a gabanta, ta riƙe mata ƙafafu, tana kiran sunanta na yanka.

An yi azahar, an ji kamiyon ya tashi ya nufi Ɗan Barto. Bayan haka da kaɗan allurar ta ɗan kama, Shekara ta buɗe ido ta nemi Gambo. Maganar ta fito guntu-guntu, kowace kalma da nata numfashin.

"Dawar. Ki wanke ta. Kafin ki daka. Da magani a jiki."

Gambo ta ce ta ji, za ta wanke, ita dai Shekara ta daina magana ta huta. Majo bai daina matsawa ba har bayan da ya san babu amfani. Ba a kira la'asar ba ya kwantar da ita, ya rufe ta. Shekarunta ba su wuce talatin da ƴan kai ba. Aka yi mata sutura kafin magariba, maza kaɗan ne a gari, mai unguwa da Majo na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Gambo ta ɗauki buhun a kai zuwa gida. Ta zaunar da yaran a ɗakinta, ta ɗebo ruwan da ta tanada na sha, ta zuba dawar a ƙwarya ta cuɗa. Ruwan ya yi fari, ta zubar, ta sake. Ta surfa, ta daka, ta tuƙa tuwo da kanta. Mariyama ta riƙe loma a hannu ba ta kai baki ba. Bawa ya ci, ya miƙa kwano aka ƙara masa.